Hitar ruwan wanka tana yoyo: amsoshin likita kan shokin, ƙuna da iskar gas

Tambayoyin wannan karon duk a banɗaki suka taru, a kan hitar ruwan wanka da ta fara yoyo. Gyaran hita aikin mai gyaran famfo ne da mai gyaran lantarki. Amma abin da ke biyo baya idan aka yi sakaci da ita, wurinmu ake kawo shi a asibiti, shi ya sa na ga ya dace in amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Hitarmu tana ɗigar ruwa ta ƙasa, maigida ya tara bokiti ya ce a bari sai ƙarshen wata. To ni kuma idan na taɓa kan famfon shawa sai in ji ya ɗan ja ni. Ina da ciki wata biyar. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai matsala babba, kuma ba ta jiran ƙarshen wata. Yau ɗin nan a kashe wutar hitar daga babban akwatin makunnan gida, kada a tsaya ga makunnin da ke jikin bango kaɗai, kuma kada kowa ya sake wanka da ita. A yawancin hitoci, wayoyin lantarki da ƙarfen da ke dumama ruwan suna cikin murfin nan na ƙasa ne, daidai inda ruwan yake gangarowa. Jan da kike ji alama ce cewa wuta ta riga ta sami hanya zuwa bututu.

Busasshiyar fata tana tare lantarki sosai. Jiƙaƙƙiyar fata kuwa, ga mutum tsaye ba takalmi a cikin ruwa, kusan buɗaɗɗiyar ƙofa ce. Wutar tana shiga ta hannu, ta ratsa ƙirji, ta fita ta ƙafa, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya rikita bugun zuciya. Wanda ya ɗan ja ki jiya zai iya riƙe ki gobe, domin yoyon ƙaruwa yake yi. Ki ce wa maigida a sa mai lantarki ya duba wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, sannan ya sa makunnin kariya mai katse wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa. Wanda ake sa wa banɗaki shi ne mai miliyamfiya 30, wato ma'aunin yawan wutar da idan ta zurare zai katse.

Tunda kina da juna biyu, ki je a duba ki a kuma saurari bugun zuciyar ɗan, ko da ba kya jin komai. Idan kika ga jini, ko ciwon mara, ko motsin ciki ya ragu, kada ki kwana a gida. Ga kowa ma, wanda wuta ta ja har ya suma, ko ya ji ciwon ƙirji, ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, ko aka ga tabon ƙuna a inda wutar ta shiga, asibiti ya kamata ya nufa a yi masa gwajin zuciya. In kuwa aka tarar wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe babban makunni tukuna. Idan ba ya numfashi, a kira agaji a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya.

Tambaya: Likita, ni tawa hitar ba ta jikin tanki take yoyo ba, ta wani ɗan bawul ne a gefe. Wani abokina ya ce in toshe bakinsa kawai in huta. Ya kake gani?

Amsa: Malam, abokinka ya ba ka shawarar da ake cewa garin neman gira a rasa ido. Wannan bawul ɗin shi ne mafitar tankin. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, tanki kuma a rufe yake, don haka dole matsi ya sami inda zai fita. 'Yar ɗigar da kake gani lokacin da ruwa ke ɗaukar zafi tana iya zama aikinsa ne yake yi. Idan kuma zuba yake yi ba tsayawa, ko tururi na fita, to ko dai bawul ɗin ya lalace, ko matsin ruwan gidan ya yi yawa, ko na'urar da ke kashe wuta idan zafi ya kai ta daina aiki. Na ƙarshen nan shi ne abin tsoro. Ruwan da aka tsare a rufaffen tanki yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da tankin ya tsage sai ya koma tururi nan take. Irin wannan fashewar tana rusa bango.

Abin yi shi ne a kashe wuta, a rufe famfon da ke kai wa hitar ruwan sanyi, a bar ta ta huce sosai kafin a taɓa komai, sannan a kira ƙwararre ya canza bawul ɗin ya sa masa bututun da zai kai ruwan magudana. Yoyon da ke fitowa daga mahaɗar bututu ko robar da ta tsufa, gyara ne mai sauƙi. Wanda ke fitowa daga jikin tankin kansa, tsatsa ce ta ci shi daga ciki, kuma faci ko walda ba sa magance shi, sai dai sabo. Irin waɗannan tankuna kan yi shekara 8 zuwa 12. Bayan gyara, a cika tankin da ruwa kafin a kunna wuta, in ba haka ba ƙarfen dumamawar zai ƙone.

Tambaya: Likita don Allah a taimaka. Ana zubar da ruwan hita za a gyara, sai ya fallatsa wa ɗana mai shekara uku a hannu. Kakarsa ta shafa masa man goge baki da ɗanyen ƙwai. Yanzu wurin ya yi bororo. In fasa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Hajiya. Kada ki fasa. Fatar da ke kan bororon ita ce ke tsare ciwon daga ƙwayoyin cuta. Ki wanke abin da aka shafa a hankali da ruwa mai tsabta, ki rufe da tsaftataccen ƙyallen da ba ya mannewa, ki kai shi asibiti yau. Ƙuna a hannun ƙaramin yaro, har ta yi bororo, ba ta jinyar gida ba ce, domin idan ta warke a karkace tana iya ƙanƙance yatsu. A can za a duba zurfinta, a ba shi maganin rage zafi daidai nauyinsa, a kuma duba katin rigakafinsa saboda tetanus.

Kaka da kyakkyawar niyya ta yi, amma man goge baki, ƙwai, gishiri, mai ko toka babu wanda ke warkar da ƙuna. Wasu suna riƙe zafin a cikin fata, wasu suna shigar da datti, kuma duk sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, yaro yana kuka. Maganin farko ruwa ne kawai: a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai ɗan sanyi na tsawon minti 20. Yana da amfani ko da an kai awa uku da ƙonewar. Kada a sa ƙanƙara, tana ƙara kashe fatar. A cire zobe, awarwaro da rigar da ta jiƙe da ruwan zafi kafin wurin ya kumbura, amma abin da ya manne da fata a bar shi. A lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi.

Mutane suna raina ruwan hita saboda bai tafasa ba. Ruwa mai zafin digiri 60 yana ƙone fatar babba har ƙasa cikin kamar daƙiƙa biyar, ta yaro kuwa ta fi siriri, ta fi saurin ƙonewa. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta shafi fuska, al'aura, tafin ƙafa ko gaɓa, ko ta yi fari ba ta zafi, duk ta asibiti ce. Rashin zafin ba alamar sauƙi ba ne, jijiyoyin wurin ne suka mutu.

Tambaya: Likita, saboda tsoron ƙuna da kuma yoyon bawul na rage zafin hitata zuwa ɗumi-ɗumi. Mahaifina mai ciwon suga yana wanka da ita. Na yi daidai?

Amsa: Ka kauce wa haɗari ɗaya ka buɗe wa wani ƙofa, Malam. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Legionella da ke rayuwa a ruwa, tana kuma hayayyafa a ɗumin digiri 20 zuwa 45, musamman a tankin da laka da tsatsa suka kwanta a gindinsa, ko bututun da ruwa ya daɗe a tsaye. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji da aka yi a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, inda mahalarta da dama suka kamu da ciwon huhu mai tsanani, wasu suka rasu. A farkon 1977 masu bincike suka gano ƙwayar.

Ana ɗaukarta ne ta hanyar shaƙar feshin ruwa, irin na shawa, ba kasafai ta hanyar sha ko daga mutum zuwa mutum ba. Bayan kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi mai zafi, tari, ciwon jiki, sarƙewar numfashi, wani lokaci gudawa da ruɗewa. Waɗanda suka haura shekara 50, masu shan sigari, masu ciwon suga, ciwon ƙoda ko raunin garkuwar jiki, su ta fi kayarwa, kuma Baba yana cikinsu. Tana jin magani idan an fara da wuri, amma ba kowane maganin ƙwayoyin cuta ke kama ta ba, don haka a gaya wa likita labarin hitar.

Ka mayar da zafin tankin digiri 60, sannan a sa bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya iso famfo, yadda abin da zai taɓa jiki ba zai wuce digiri 49 ba. Ga Baba akwai ƙarin dalili: ciwon suga yana kashe jin ƙafa, mutum ya ƙone bai sani ba. A riƙa gwada masa ruwan da gwiwar hannu kafin ya shiga. Idan hita ta yi makonni a kashe ana jiran gyara, a bar ta ta kai cikakken zafinta, a buɗe taga, a saki ruwan ya zuba na wasu mintuna kafin a yi wanka.

Tambaya: Likita, tamu hitar ta gas ce, a cikin banɗaki take. Tun da ta fara yoyo, ni da matata muke fama da ciwon kai da jiri bayan wanka, amma idan muka fita sai ya sake mu. Maleriya ce?

Amsa: Wannan tambayar ta fi duk sauran tayar min da hankali. Mutum biyu, ciwo iri ɗaya, a wuri ɗaya, yana tafiya idan an sha iska: har sai an tabbatar da wani abu dabam, guba ce ta iskar kabon monoksayid. Ku rufe gas ɗin yanzu, ku buɗe tagogi, ku je asibiti ku faɗi abin da kuka faɗa min.

Iskar nan tana fitowa ne idan gas bai ƙone sosai ba, ko mafitar hayaƙi ta toshe ko ta ruɓe. Ruwan da ke ɗiga kan murhun hitar da tsatsar da yake haifarwa suna iya jawo hakan. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ake ji idan gas na zurarewa wani sinadari ne da aka zuba masa da gangan, ita wannan babu shi. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abincinsu. Daga ciwon kai da tashin zuciya sai kasala, ruɗewa, suma. Da yawa daga waɗanda ta kama a banɗaki ake tsintar su, ƙofa a kulle.

'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini tana iya nuna komai lafiya alhali gubar na cikin jini, sai gwajin jini na musamman ke bayyana ta. Maganinta oksijin ne zalla, wanda ke fitar da ita cikin sauri fiye da iskar ɗaki nesa ba kusa ba. Mai ciki tana buƙatar kulawa ta musamman, domin jinin ɗan tayi ya fi riƙe gubar. Harshen wutar hita mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma rawaya, ko baƙin hayaƙi ya ɓata bango, a kashe ta. Shawarata a fitar da ita daga banɗakin gaba ɗaya zuwa inda iska ke shiga, a kuma sa ƙararrawar da ke gano wannan iskar.

Tambaya: Likita, an gyara yoyon, amma bangon ya yi baƙi-baƙi yana warin laima, asmar 'yata kuma ta tashi.

Amsa: Funfuna ce, Malama, kuma tana fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wurin da ya jiƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2009 da suka danganta laima da funfuna a gida da tari, toshewar hanci da tashin asma. A wanke bangon da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai kafin a yi fenti. Katako, silin ko darduma da suka sha ruwa suka ruɓe, a cire su. Mai wankin ya sa safar hannu da takunkumi, yarinyar kuma ta bar wurin har a gama. Idan za a yi amfani da bilic, kada a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Ta ci gaba da shaƙar maganinta yadda aka tsara mata. Idan tana neman maganin shaƙa mai buɗe ƙirji fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinta da dare, a koma wurin likitanta a sake duba magungunan. In kuwa ta kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓenta ya sauya launi, a garzaya da ita asibiti a lokacin.