Tambaya da Amsa: 'Yata ta ce da kanta za ta tsara digirinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana aji biyu a wata jami'a a Amurka, da tallafin karatu ta tafi. Mun rabu a kan za ta karanta tattalin arziki. Makon jiya ta kira ni ta ce za ta haɗa nata digirin: ilimin ruwa, lafiyar al'umma da tattalin arziki. Ni a kunnena kamar hatsin bara. Ko a masallaci aka tambaye ni me take karantawa, rasa amsa nake yi. Wannan digiri ne na gaske? In ta dawo gida zai amfane ta?

Wani uba, daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, digiri ne na gaske, kuma ba yau aka fara ba. Jami'ar Massachusetts da ke Amherst tana da wannan tsari tun 1970. Jami'ar New York makaranta guda ta ware masa, ana ce mata Gallatin, asalinta tun 1972. A Jami'ar Indiana wani ɗalibi, Will Shortz, ya tsara wa kansa digiri a kan wasannin wasa ƙwaƙwalwa, ya gama a 1974, kuma a 1993 jaridar New York Times ta danƙa masa shafinta na wasan kalmomi.

Ba sakin yarinya ake yi ta tsinci darussa kamar mai cefane ba. Sai ta rubuta takarda ta faɗi abin da take son sani, da dalilin da ya sa sashe ɗaya ba zai ishe ta ba. Ta jera darussan da za ta ɗauka, ta nemi malamin da zai tsaya mata, sannan kwamiti ya duba, ya amince ko ya maido mata ta gyara. Yawan darussan daidai yake da na kowa. A ƙarshe galibi akwai kundin bincike. A Gallatin har zaunar da ɗalibi ake yi gaban malamai ya kare jerin littattafan da ya karanta, baki da baki.

Abin da nake so ka yi shi ne ka ce ta turo maka wannan takarda, ka kuma tambaye ta: wace tambaya ɗaya kike son amsawa? A nan ake rarrabe mai manufa da mai gudun darasi mai wuya. Na shekara da shekaru ina ba ɗalibai shawara, kuma duk wanda ya kasa faɗin manufarsa a jimla biyu, to bai shirya ba tukuna.

Gaskiya haɗin 'yarka ya kwanta mini. Ka dubi ɗan garuwa da safe, yana tura kura cike da jarkoki, gumi har gadon baya. Daga wace rijiyar burtsatse ya ɗebo, kuma taku nawa ne tsakaninta da masai? Wannan aikin mai ilimin ruwa ne. In damina ta sauka yaran layin suka kwanta da amai da gudawa, sai mai lafiyar al'umma. Nawa uwar gida ke kashewa a jarka kullum, me ya sa ta zaɓi mai arha ko da ta ga ruwan da gurɓi? Wannan kuma tattalin arziki ne. Jarka ɗaya ce, Alhaji, amma jami'a ta raba ta sassa uku.

Sai dai ina da sharaɗi. Ta riƙe fanni ɗaya ya zama ƙashin baya, ta nutsa a cikinsa har darussan manyan aji. Ni da za ta ji tawa, tattalin arziki da ƙididdiga za ta riƙe, sauran su jingina a kai. Masu ɗaukar aiki da masu ba da gurbin digiri na biyu abin da suke fara dubawa ke nan.

Batun dawowa gida kuwa, damuwarka tana kan hanya. Jami'o'inmu ba su san wannan tsari ba. Ko sabon manhajin da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ƙaddamar a 2022, kashi 70 daga hukumar yake, kashi 30 aka bar wa jami'a, ba ɗalibi ba. Wanda ya yi karatu a waje kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya tafi bautar ƙasa. Don haka tun yanzu ta tambayi jami'ar wane suna za a rubuta a shaidar digirin, ta zaɓi suna bayyananne, ta adana takardar sakamakon kowane darasi da wasiƙar amincewar kwamitin. In kuwa burinta a kira ta injiniya, ta sani rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, digirin injiniya take nema, wannan haɗin ba zai maye gurbinsa ba.

Mutanen masallaci kuma, ka ce musu tana karanta yadda ruwan sha zai isa gidajen talakawa ba tare da ya kwantar da 'ya'yansu ba. Allah ya yi mata albarka.