Nakan fara karatu da zafi, kwana uku sai jikina ya mutu: ina mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da rana, kuma ina shirin rubuta wata jarrabawa nan da wata biyar, wadda in na ci za ta buɗe mini ƙofar ƙarin karatun da na daɗe ina buri. Duk farkon wata sai in tsara jadawali: awa huɗu kullum da dare. In yi kwana biyu ko uku ina bi, daga nan sai jikina ya mutu. In na kalli bidiyon masu ƙarfafa gwiwa sai in ji kamar in haɗiye littafin, gari na wayewa kuma shi ke nan. Abin da ya fi ɓata mini rai, ko ranar da na daure na karanta, bayan mako guda sai in tarar kamar ban taɓa ganin shafin ba. Lalaci ne ke damuna, ko ƙwaƙwalwar ce ba ta ja?

Daga wata 'yar uwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malalaciya ba ta sake zama ta tsara jadawali bayan na baya ya rushe, kuma abin ba ya damunta har ta nemi shawara. Saboda haka ki ajiye maganar lalaci a gefe. Zan zo kan ƙwaƙwalwa, amma bari in fara da jadawalin, domin a nan gizo ke saƙar.

Awa huɗu bayan an wuni a wurin aiki! Wadda ta rubuta wannan ke ce ta ranar hutu, wadda ta yi barci ta ƙoshi, zuciyarta cike da buri. Wadda za ta aiwatar kuwa ke ce ta daren Laraba, da ta dawo a gajiye, ƙafa na zogi, ido na lumshewa. Ta farkon ta ɗora wa ta biyun kayan da ya fi ƙarfinta. Na sha ganin haka a hannun ɗaliban da ke zuwa wurina: takarda tsaf, an ja layi da rula, kowane darasi da launinsa, amma ba a bar wa gajiya ko rashin lafiya ko gurbi ɗaya ba. Irin wannan jadawali da kansa yake karya mai shi.

Bidiyon nan kuma, daɗinsa na gaske ne, sai dai akwai tarko a ciki. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar ƙasar Jamus, ta shafe shekaru tana nazarin masu yawan zama suna hango kansu sun yi nasara. Ta gano cewa yawan jin daɗin wannan mafarkin ido biyu yana rage ƙoƙari, kamar dai zuciya ta ɗanɗani ladan tun ba a yi aikin ba, sai ta saki jiki. Shawararta ita ce mutum ya hango burinsa, nan take kuma ya tambayi kansa abin da ke cikinsa da zai tare masa hanya. A wurinki amsar a fili take: gajiyar dare, da wayar hannu wataƙila.

In kin san abin da ke tare ki, sai ki tanadar masa amsa tun da rana tsaka. Peter Gollwitzer, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana wannan dabara a 1999, kuma an gwada ta a bincike da dama: a maimakon "zan yi karatu yau", sai a ɗaura aikin a kan wani abu da tilas zai faru. Misali: "In na dawo na yi wanka, zan zauna a teburin nan in buɗe babi na uku kafin in taɓa waya." Ko kuma: "In barci ya fara fizgata, zan miƙe tsaye in karanta a bayyane." Amfaninsa shi ne an riga an yanke hukunci, ba sai kin yi gardama da kanki a lokacin da ba ki da ƙarfin gardama ba. Ni har cewa nake a bar littafin a buɗe tun da safe, biro a kwance a kan shafin da za a fara, waya kuma a wani ɗaki daban.

Ki rage awa huɗun nan zuwa minti 25. Na san za ki ce ya yi kaɗan ga mai jarrabawa a gaba. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, shi ya fito da tsarin a ƙarshen shekarun 1980 da ɗan agogon kicin: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, abin da aka sani da Pomodoro. Babu wani sirri a cikin adadin. Abin da ke aiki shi ne zuciya tana yarda ta shiga abin da take hango ƙarshensa. Kuma ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai: kuzarin da kike jira ya zo kafin ki zauna, galibi sai an zauna yake zuwa. Minti biyar na farko su ne masu ɗaci. In kin wuce su, sau da yawa da kanki za ki ƙara zagaye na biyu. Ranar da ba ki ƙara ba, kin cika alkawarin ranar, ki kwanta da zuciya wasai.

Yanzu ƙwaƙwalwa. Mantuwar da kika kwatanta ta kowa ce. Tun a 1885 wani masani, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda yake haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage. Ya tarar mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan ta lafa, kuma sake koyon abin da aka taɓa koya ya fi sauri. Ke nan shafin da kika ce kamar ba ki taɓa gani ba bai tafi gaba ɗaya ba, bita ce bai samu a kan lokaci ba.

Amma wace irin bita? Yawancinmu maimaita karantawa muke yi, ido na bin layi, muna ja wa jimloli layi a ƙasa, har shafin ya zama sananne mu ɗauka mun iya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, masu rubutawa da ka suka yi musu fintinƙau, alhali masu maimaitawar ne suka fi amincewa da cewa za su tuna. Wannan sakamako ya daɗe yana tsaya mini a rai, domin yana nuna yadda hanya mai daɗi ke yaudarar ɗalibi mai ƙoƙari.

To ga yadda za ki kashe minti 25 ɗinki. Ki karanta na minti goma sha biyar, ki rufe littafin, ki ɗauki farar takarda ki rubuta duk abin da kika tuna. Za ki ji wuya, wataƙila layi uku kawai za su fito, kuma wannan wahalar ita ce ke dasa karatun. Sai ki buɗe ki ga abin da ya tsere. Ki mayar da shi tambayoyi a wani ƙaramin littafi, ki amsa su gobe, ki sake bayan kwana uku, sannan bayan mako, kina rubuta makin kowace rana a gefe. Ranar da kika ga 4 cikin 10 ya koma 8, za ki ji wani ƙarfi da ya bambanta da na bidiyo, domin shi wannan da hujjarsa a rubuce da hannunki. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar mutum ya ga ya yi abu ya yiwu.

Za ki tsallake rana, babu makawa. A wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan da mutum 96, sabuwar ɗabi'a ta ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu kuma an ƙiyasta sai sun kai 254. Sun kuma lura cewa tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da ke rushe naki shi ne jiran farkon wata kafin ki sake farawa. In kin rasa Talata, Laraba ce ranar dawowa, ba tare da biyan bashin jiya ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma wata biyar lokaci ne mai yawa ga wadda ke zama kusan kullum.

Kada ki sayar da barcinki don ƙarin awa, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya. In dare ya ci gaba da gagarar ki, ki gwada asuba kafin fita aiki. Ki kuma samu mutum ɗaya da za ki riƙa tura wa saƙo gajere in kin gama: "Na yi na yau, babi na uku, 6 cikin 10."

Abu ɗaya ba zan so in bari ba. In mutuwar jikin ta wuce karatu, har abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun daina burge ki, barci ko cin abinci ya rikice, ƙunci ya zauna miki mako biyu ko fiye, wannan ya wuce batun jadawali, ki daure ki ga likita. In kuwa a kan karatun kawai abin ya tsaya, yau da dare ki cire jadawalin awa huɗun daga bango, ki buɗe babin da kika tsaya, ki saita minti 25. Allah ya ba ki sa'a, ƙanwata.