Gebur ba bawa ba ne, amma bai mallaki gonarsa ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙananan manoman Ingila kafin zuwan Normaniyawa (mutanen arewacin Faransa da suka ci ƙasar da yaƙi) a 1066 bayi ne. A'a. Bayi suna nan daban, kuma ƙididdigar da Sarki Wiliyam, jagoran Normaniyawan, ya sa aka yi a 1086 ta nuna sun kai kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen da aka rubuta.

Wanda kake nufi shi ne ake ce wa gebur. Wani rubutu na ƙarni na 11 ya zayyana nauyin da ke kansa. Idan ya karɓi gona, mai ƙasa kan ba shi shanun huɗa biyu, saniya ɗaya, tumaki shida, da eka bakwai da aka riga aka shuka. Daga nan sai biya. Kwana biyu a mako yana aiki a gonar ubangidansa, lokacin girbi kuwa kwana uku, alhali nasa hatsin ma yana jiran lauje. Ƙarshen Satumba ya kawo kwabon azurfa goma, a Nuwamba sha'ir da kaji biyu, a Ista kuma ɗan tunkiya ko kwabo biyu.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne ranar da ya mutu: abin da ya bari, ubangida ke kwashewa.

Akwai kuma mai ƙaramar gona ta eka biyar. Shi kam duk Litinin yake zuwa aikin ubangida, sai a lokacin girbi a mayar masa da shi kwana uku.