Me ya sa in an ce falsafa sai Girkawa?

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya me ya sa in an ce falsafa sai a kawo Aflatun da Aristo, kamar sauran al'ummun dā ba su yi tunani ba. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A gidanmu na fara gane amsar. Kakana ya rasu ya bar gafakoki cike da rubutun hannu. Da muka buɗe bayan shekaru, gara ta yi musu kaca-kaca, takardu na marmashewa a hannu kamar busasshen ganye. Littattafan da almajiransa suka kwafa suna nan a wasu gidaje. Wanda ya tsara da kansa, babu wanda ya kwafa, shi ke nan ya tafi.

Girkawa sun dace da masu kwafa da masu fassara. A Bagadaza, a ƙarni na 9, su Hunaini ɗan Ishaƙa suka mayar da littattafansu Larabci. Ta wannan hanyar mantiƙi, wato ilimin kafa hujja, ya iso har zaurukanmu, inda ake karanta littafin Sullam na Ahdari.

To dubi Kartaj, a Tunisiya ta yau. Da Rumawa suka rushe ta a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka rabar da ɗakunan karatunta ga sarakunan yankin. Abin da majalisar Rumawa ta ce a fassara shi ne littafin wani ɗan Kartaj mai suna Mago kan noma, juzu'i 28, don shi ne mai amfani a gonakinsu. Alhali birnin ya haifi Hasdrubal, wanda ya je Atina, ya ɗauki sunan Kilitomakus, har ya shugabanci makarantar Aflatun. Yau da sunan Girkawa ake ambatonsa, kuma wannan na yi mini ciwo ƙwarai.

Mutanen Maya na yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya kuwa wuta ce ta ci nasu. Limamin coci Diego de Landa ya ƙona littattafansu a Mani a 1562. Huɗu kacal suka rage a duniya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tsohon birnin Meroe, a Sudan ta yau. Rubutun mutanensa na nan a kan duwatsu, kuma tun wajen 1911 wani masani ɗan Birtaniya, Griffith, ya gano sautin haruffan. Masana na iya furta kalmomin, amma ma'anar mafi yawansu har yanzu ta gagara.