Amsa: Me ya sa ayoyi masu kama da juna ke cakuɗe wa mai hadda?

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce yaronki ya yi nisa a hadda, amma yana cikin Baƙara sai ya zarce A'arafi bai sani ba, kina tsoron ko raunin ƙwaƙwalwa ne. Na daɗe ina sauraron haddar yara da yamma, da rana kuma aikin asibiti nake, to bari in haɗa miki ɓangarorin biyu.

Ki kwantar da hankalinki. A abin da na gani, yaron da bakinsa ya fi sabawa da karatu ma shi ya fi yin wannan tsallaken.

Can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen saitin kunne, akwai wani sashe da ake kira hifokamfas, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shi ke karɓar sabon abu ya adana. A cikinsa akwai unguwanni biyu masu aiki kishiyar juna. Ta farko, dentet jairas, aikinta rarrabewa: abu biyu masu kama suka shigo, sai ta ba kowanne nasa rukunin ƙwayoyin jijiya daban. Tana iya haka ne saboda yawan ƙwayoyinta; a ƙwaƙwalwar ɓera sun kai wajen miliyan 1, alhali waɗanda ke aiko mata saƙo ba su wuce 200,000 ba, kuma kaɗan ne ke motsawa a lokaci guda. Ta biyu, CA3, ƙwayoyinta a ɗaure suke da junansu, shi ya sa da an ba ta guntun abu sai ta cike ragowar. Ita ce ke aiki idan malam ya ja baƙi biyu, yaro ya ɗauka ya zuba shafi guda.

To matsalar a nan take. Baƙara ta ce "wadkhulul baba sujjadan wa ƙulu hiɗɗatun", A'arafi ta ce "wa ƙulu hiɗɗatun wadkhulul baba sujjadan". Mafari kusan ɗaya ne, sai mai cikewa ta riga mai rarrabewa, ta bi wadda aka fi maimaitawa, kamar direban da ya iso mararraba hannunsa ya karkata hanyar gida.

A 2008, masanin ƙwaƙwalwa Craig Stark da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu hotunan kayayyaki. Idan aka kawo hoton da ya yi kama da na baya amma ba shi ba ne, yankin dentet jairas (wanda a hoton na'urar yake haɗe da CA3) sai ya karɓe shi a matsayin sabo, maƙwabcinsa CA1 kuwa ya ɗauke shi tsoho. Daga baya wani masanin, Michael Yassa, ya nuna cewa hanyar jijiyoyin da ke kai saƙo wannan yanki tana lalacewa da tsufa, kuma gwargwadon lalacewarta gwargwadon rikita abubuwa masu kama. Wannan ya fi shafar mu iyaye da kakanni, ba ɗan shekara goma sha ba.

Inda nake saɓa wa wasu malamai shi ne cewa "ya ƙara maimaitawa". In ya maimaita kowace aya ita kaɗai sau ɗari, mai cikewa kawai ya ƙara wa ƙarfi. Ni abin da nake yi, in rubuta ayoyin biyu a allo ɗaya, sama da ƙasa, in sa yaro ya nuna da yatsa daidai inda suka rabu, ya faɗi sunan surar da bakinsa. Alarammomin tsangaya masu harji tun da can wannan suke yi, suna ƙidaya wurare nawa kalma ta zo da abin da ke biye da ita.

Ma'ana ta fi komai riƙe bambanci. A ayoyin hana kashe 'ya'ya, An'ami ta ce "min imlaƙin nahnu narzuƙukum wa iyyahum": talaucin ya riga ya zo, sai aka fara da arzikin iyaye. Isra'i ta ce "khashyata imlaƙin nahnu narzuƙuhum wa iyyakum": tsoronsa ake yi saboda 'ya'yan, sai aka fara da su. Yaron da na yi wa wannan bayani da wuya ya sake haɗa su.

Sannan ki duba barcinsa, don a cikin barci hifokamfas ke sake bitar abin da aka koya da rana. In kuma kin ga mantuwar ta wuce karatu, ko yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙoƙi ana masa magana bai ji ba, wannan kam a kai shi likita ya duba.