Game da macijin da ke cin ɗan'uwanshi maciji

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce ka ga bidiyon wani maciji yana haɗiye mai dahi, kana so ka san ko muna da irinshi nan Maraɗi, in akwai ka samo guda ka sako bayan gida tunda kububuwa ta matsa muku. Ni dai shekara ta kai 20 ina aikin garka bakin gulbi, bari in hwaɗa maka abin da na sani.

Bidiyon nan ba haɗi ba ne, gaskiya ne. Yawancin waɗanda ke yawo a waya na Amurka ne da Meziko, can suna da wani da suke ce ma sarkin macizai, ba shi da dahi ko kaɗan, nannaɗe abokin hwaɗanshi yake ya matse har numfashi ya ɗauke sannan ya haɗiye ta kai, kuma dahin macijinsu mai caki a wutsiya bai cika yi mishi komai ba. Amma wannan nasu ne, ba ya nan ƙasarmu.

Namu na Afirka ta Yamma daban yake. Sau ɗaya na taɓa ganinshi da idona, can wajen Gaya lokacin da na je cin rani, bayan ruwan dare, mun hito da tocila sai ga shi da wutsiyar wani maciji a baki yana ja a hankali. Jikinshi ba zagaye yake ba kamar sauran, kusurwa uku gare shi, ƙashin baya ya taso kamar kunya a gona, hwatar kuma kaushi, shi ya sa Turawa ke kwatanta shi da magagari. Baƙi-baƙi ne ko toka mai duhu, yana wuce mita guda, ba shi da sauri, bai cika cizo ba, in an dame shi sai dai ya saki wani ruwa mai wari. Yana cin kwaɗi da ƙadangaru da macizai har masu dahi. Wallahi abin da ya ban haushi ranar nan, kahin in buɗe baki wani yaro ya sauke mishi sanda, an kashe mai gadi an bar ɓarawo. Wuri mai laima yake so, kudu inda ruwa ke da yawa, nan tudunmu mai yashi ba sahwai za ka gamu da shi ba.

To batun ka samo ka sako gida, don Allah ka bar wannan shawara. Maciji ba kare ba ne da za ka ce ya tsaya ƙohwa, in ka kawo shi ranar zai sulale ya yi gaba. Sannan wa zai kamo maka? Nan ne hatsarin yake. Akwai wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ke zama cikin ƙasa, yana hitowa da dare bayan ruwa, kanshi ƙarami ba ka bambanta shi da wuyanshi, ido ƴan mitsi-mitsi, wutsiya gajera mai tsini. Kallo ɗaya za ka ce marar dahi ne. Haƙorinshi ta gehe yake hitowa ko bai buɗe baki sosai ba, ko ka riƙe shi ta ƙeya yadda masu wasa da maciji ke yi sai ya soke ka. Ɗan maƙwabcina ya ɗauki irinshi da damana, yatsa ya kumbura ya yi baƙi, sai da aka yanke gaɓa ɗaya.

Wanda zan ce ma abokin gida na gaske shi ne macijin nan mai ruwan ƙasa ko baƙi, mai santsi, da ake samu gindin rumbu da ɗakin ajiya, wani da ɗan zane mai haske a gehen kai. Shi ba macizai yake ci ba, ɓeraye yake ci, har cikin rami yake binsu ya cinye ƴaƴan. Kuma ɓera shi ke jawo kasa da gamsheƙa kusa da mutane, inda abinci yake nan suke. Ni na hana yarana kashe shi a garka, na ce in ba su gane ko wane ne ba su ja baya su kira ni.

Kububuwar da ke damunku kuwa gyaran wuri ne maganinta. Ka ɗage kara da itacen wuta daga jikin bango, damman hatsi su hau kan dakali, a toshe ramuka, a share ciyawa, kowa ya riƙe tocila in zai zaga da dare, yara su sa takalmi. Lokacin kaka ka taɓa dami da sanda kahin ka sa hannu. In ka ji wata ƙara kamar an zuba ruwa cikin mai mai zahi, ita ce ke goga jikinta, ka tsaya cik ka haska ƙasa.

In ƙaddara ta hwaɗa, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tam da roba, baƙin dutse ma ɓata lokaci ne. A cire zobe ko awarwaro, mutum ya bar motsi, a ɗauke shi zuwa likita nan take. Dahin kububuwa hana jini daskarewa yake, mutum na iya zama yana hira lahiya lau, can sai dasashi ya hwara jini. A likita suna ɗibar jini su sa a kwalba su jira minti 20, in bai daskare ba sun san allurar dahi yake buƙata.

In ka sake ganin wani bayan gidan, ka ɗauko hoto daga nesa ka turo nan gurup mu duba tare.