An zane ɗana an kuma kore shi daga makaranta: me doka ta ce?

Tambaya: Metir, ɗana mai shekara 14 yana ajin ƙarshe na koleji a wata makarantar kuɗi ta Faransanci da Larabci a nan Maradi. An kama shi da salula a aji, mai kula da tarbiyya ya zane shi da dorina har bayansa ya fashe, washegari darakta ya ce kada ya sake dawowa. Na biya kuɗin shekara gaba ɗaya, ga jarrabawar kammala koleji ta BEPC tafe. Da na je, sai aka nuna mini takardar dokokin makaranta da na sa wa hannu. Ina da abin yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin komai ka kai shi likita yau, a duba shi, a rubuta maka takardar shaidar rauni mai ɗauke da kwanan wata da kwanakin jinya. Ka ɗauki hoton bayan nasa. Shatin dorina bajewa yake yi, in ya baje kuwa magana ta koma "na ce, ka ce".

Takardar da ka sa wa hannu tana da ƙarfi. Aya ta 1134 ta dokar hulɗar jama'a ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce ga waɗanda suka ƙulla ta. Makarantar addini tana da damar hana salula, ta tsara sutura, ta sa sallar jam'i cikin jadawalinta, kai ma don wannan tarbiyya ka zaɓe ta. Yaronka ya yi laifi, ka gaya masa haka. Salular dai dukiyarku ce, in an karɓe ta sai a damƙa maka.

Amma sa hannunka bai halatta duka ba, ko da an rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar. Babu yarjejeniyar da ke wanke abin da doka ta kira laifi, kuma duka da jikkata mutum da gangan laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Nijar. Tun 1981 ma'aikatar ilimi ta fitar da umarnin hana dukan ɗalibai. A 1990 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda aya ta 28 a cikinta ta ce ladabtarwa a makaranta dole ta kiyaye mutuncin yaro. Za su ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma dukan da ya fasa fata ya wuce ladabi, kuma raina yana ɓaci in na ga ana fakewa da addini a kansa. Kana iya shigar da ƙara a komsariya, ko kai tsaye wurin mai gabatar da ƙara na babbar kotun Maradi. Kana iya neman diyya daga wanda ya yi dukan bisa aya ta 1382 ta dokar hulɗar jama'a, da makarantar kanta bisa aya ta 1384, tunda ma'aikacinta ne kuma a bakin aiki ya yi. Sai dai ka sani, in ƙara ta shiga, janyewarka ba lallai ta tsayar da ita ba. Ka yi shawara da iyalinka tukuna.

Batun kora shi ya fi gaggawa. Ka karanta takardar nan layi-layi. Shin ta ce salula na jawo kora nan take, ko sai an yi gargaɗi? Ta ambaci zaman kwamitin ladabtarwa? An kira ka, an saurari yaron? Yadda takardar ta ɗaure ka, haka ta ɗaure darakta. In ya tsallake matakan da shi da kansa ya rubuta, shi ya saɓa yarjejeniya, sai ka nemi a mayar da yaro ko a biya ka kuɗin watannin da suka rage. Korar baki ba ta isa ba, ka nemi a ba ka ita a rubuce tare da dalili.

Ni a ganina kada ka fara da kotu a kan wannan, don jarrabawa ba ta jiran alƙali. Rubuta wa darakta wasiƙa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka tafi da shugaban ƙungiyar iyayen yara ko wani dattijon da mai makarantar ke jin nauyinsa. In suka ƙi, ka kai kuka wurin sufeton makarantu ko ofishin ilimi na jihar Maradi. Makarantar kuɗi da izinin gwamnati take aiki, a ƙarƙashin dokar tsarin ilimi ta 1998, kuma ba ta son sunanta ya hau teburin nan. Ko ya koma ko bai koma ba, ka karɓi takardar shaidar karatunsa da sakamakonsa, ka tabbatar sunansa na cikin masu zana BEPC.

In kuɗin lauya ya fi ƙarfinka, hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da aka kafa a 2011 tana da ofishi a babbar kotu, tana ba da shawara kyauta. Ka je da takardar likita, da rasit ɗin biyan kuɗi, da dokokin makarantar.